Ya Ce Sharri Aka Yi Masa: Da Me Za Mu Auna Maganarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da matar wani shahararren mawaƙi ko ɗan fim ta fito ta ce yana dukanta, ko ɗansa ya ce ya ci zarafinsa, sai ka ji tauraron ya ce ƙazafi ne, ana neman kuɗinsa. Masoya su goya masa baya, wasu su tsine masa. Ni kuma na rasa na kamawa. Ta yaya mutum zai gane musun gaskiya da na kare kai? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da sanin cewa musu shi kaɗai ba ya nuna komai. Mai laifi zai musa, wanda aka yi wa ƙage ma zai musa, kuma sau da yawa lauya ne ko jami'in hulɗa da jama'a ya rubuta wa kowannensu sanarwar. Hawaye a gaban kyamara kuwa, ki tuna wasunsu da shi suke cin abinci.

Karanta kalmomin da kyau. "Ban taɓa dukanta ba" magana ce da za a iya kama mutum da ita gobe. "Ba halina ba ne", "duk wanda ya san ni ya san ina girmama mata", waɗannan sun kewaye zargin ba su taɓa shi ba. Idan an ambaci rana da wuri da irin raunin, shi kuma ya koma tono asirin mai zargin, ya ce mahaukaciya ce ko mayyar kuɗi, to tambayar tana nan ba a amsa ba.

Sai abin da ya fi nauyi, wato shaidar da ta wanzu tun kafin rigimar ta fito fili: takardar asibiti mai kwanan wata, rahoton 'yan sanda, saƙonnin waya na lokacin, wanda aka gaya wa a ranar. Dubi Sean Combs, mawaƙin Amurka. A Nuwamba 2023 tsohuwar budurwarsa Cassie Ventura ta kai shi ƙara kan duka da cin zarafi, lauyansa ya musa da kakkausar murya, washegari aka sasanta. A Mayu 2024 tashar CNN ta fitar da bidiyon kyamarar wani otal a Los Angeles na shekarar 2016, ana ganinsa yana dukanta yana shurinta. Bayan kwana biyu ya fito ya ba da haƙuri. Wata shida ke nan mutane suna rantsuwa a kan musun da bidiyo ɗaya ya rushe.

Inda aka fi ruɗewa shi ne hukuncin kotu. Shari'ar ɗan fim ɗin Amurka Johnny Depp da tsohuwar matarsa Amber Heard ta isa darasi. A Landan ya kai jaridar The Sun ƙara saboda ta kira shi mai dukan mata. A Nuwamba 2020 alƙali Andrew Nicol ya ce daga cikin lokuta 14 da aka zarge shi, an tabbatar da 12, Depp ya faɗi. A Yuni 2022 kuma, a jihar Virginia ta Amurka, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce Heard ta ɓata masa suna a rubutunta na 2018 a jaridar Washington Post, suka yanke masa diyyar dala miliyan 10 da ƙarin ta horo, ita ma suka ba ta miliyan 2 kan wata magana da lauyansa ya yi. Aure ɗaya, kotu biyu, hukunci biyu. A Landan jarida ake ƙara, Heard shaida ce kawai, alƙali ɗaya ya auna ya rubuta dalilansa. A Virginia ita ake ƙara, kuma masu taya alƙali ba sa bayyana dalilansu. Dukansu ƙarar ɓata suna ce, ba a gurfanar da kowa kan laifin duka ba. Saboda haka idan kika ji "kotu ta wanke shi", tambayi wace kotu, kan wace tambaya.

Haka sasantawa: biyan kuɗi ba amsa laifi ba ne, janye ƙara ma ba wankewa ba ce, musamman a cikin gida inda iyaye da surukai ke matsa wa mace ta rufa asiri saboda 'ya'ya. Jinkirin fitowa da magana shi ma bai mayar da ita ƙarya ba. Wadda ke cin abinci a hannun mutum ba ta cika kai shi ofishin 'yan sanda ba.

Ɓangaren mai zargi ma a auna shi da mudu ɗaya: ko labarin yana canzawa a manyan abubuwa kamar wuri da shekara, ko akwai shari'ar riƙon yara ko rabon dukiya a tsakani. Wannan dalili ne na ƙara bincike, bai isa ya kore zargin ba. Idan kuma babu takarda, babu shaida, babu hukunci, sai maganarsa da tata, to ki dakata da yaɗawa a Facebook har wani abu ya fito.