Ƙanina, a nan ma ana murɗa alƙalanci

Na ga saƙonka bayan Asuba. Ka ce tunda takardar jami'a ta iso Daura hankalinka ya kwanta, don ka ji a Kanada babu "wa ka sani", abin da ka shuka shi za ka girba. Har ka turo mini bidiyon masu rawa a kan ƙanƙara, wai ko wasansu ma a tsare yake. Sai da na yi dariya, don a kan wannan wasan aka taɓa yi wa mutanen ƙasar nan ƙwangen da ba su manta ba har gobe.

Duk Asabar nakan kai 'yarka filin ƙanƙara na unguwarmu. Takalmin da ƙarfe a ƙasansa kamar bakin wuƙa, sai na durƙusa na ɗaure mata igiyar tamau, yatsuna sun ƙage don sanyi. Wani dattijo mai kawo jikarsa ne ya fara ba ni labarin, yana yi yana huci kamar jiya abin ya faru.

A Olamfik ta 2002 a Salt Lake City ta Amurka, Jamie Salé da David Pelletier na Kanada suka yi wasansu sumul. 'Yan Rasha, Berezhnaya da Sikharulidze, namijin ya yi tuntuɓe wajen dira daga tsalle. Amma da alƙalai tara suka ba da maki, biyar suka bi Rasha, huɗu Kanada. Fili ya ɗauki ihu. Daga baya alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban hukumar wasan ta ƙasarta ne ya matsa mata, ko da yake ta zo ta janye maganar. Zargin shi ne ba ni gishiri in ba ka manda: a ɗaga 'yan Rasha a nan, a ɗaga 'yan Faransa a wata gasar. Ƙarshe dai zinare biyu aka bayar, aka dakatar da ita da shugaban nata shekara uku.

A dambe in an yi kisa kowa ya gani, mutum ya kai ƙasa, magana ta ƙare. Wannan kuwa maki ne, kamar a musabaƙa, zuciyar alƙali na ciki. Shi ya sa a 2004 aka soke tsohon tsarin ba da maki da ake kira 6.0 (shi ne makin ƙoli a lokacin), kowane tsalle aka yanka masa farashinsa, ana duba bidiyo, ana zubar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci. Duk da haka a Olamfik ta Sochi ta Rasha a 2014 aka ba Sotnikova ta Rasha zinare a kan Yuna Kim ta Koriya ta Kudu, alhali cikin alƙalan har da matar wani babba a hukumar wasan ta Rasha. Yuna ta hau dandamali ta karɓi azurfarta da murmushi. Ni kam da ban iya ba.

Abin da ya burge ni da mutanen nan, ba sa barin magana a bakin mai shayi. Rubutawa suke su kai inda ya dace. Na taɓa shan irinta: wani malami ya zaftare mini maki, na yi ta ƙunƙuni a ɗaki har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce. Kai kada ka yi haka. Ranar farko za a ba ku takardar yadda ake raba makin kowane kwas, ka adana ta. In ka ga ba daidai ba, ka tura imel cikin ladabi, ka nemi a nuna maka inda ka faɗi. Ba rashin kunya ba ne a wurinsu.

Ka gaishe da Inna. Kuma kada ka yarda ta cusa maka kilishi a jaka, a filin jirgi za a karɓe shi.