Tsohuwar ƙaramar mota za ta cinye ni da gyara?

Malam, ka ce an yi maka tayin ƙaramar mota ta hannu da ta haura shekara 15, kana fargabar kuɗin gyara. Saya, muddin inji da giya lafiyarsu ƙalau. Abin da ya saba gajiya a irin wannan shekaru shi ne birki, shokozoba, filogi, batir da kuloci. Waɗannan duk masu sauƙi ne, ana canza su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu. Inji ko giya kuwa, gyaransu kan iya kusan kamo kuɗin motar.

Babban sharaɗina a kan inji shi ne, ka tabbatar bai taɓa yin zafi fiye da kima ba. Ka je da bakanikenka da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani kauri fari-fari kamar madara a jikinsa, ko ruwan lagireto yana kumfa, ko farin hayaƙi ya ƙi yankewa daga salansa bayan inji ya ɗumama, to da alama gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, abin da zafin inji kan jawo. Na ga wanda ya raina wannan alamar, ƙarshenta sai da aka sauke kan injin gaba ɗaya. In ka ga haka, don Allah ka haƙura da ita ko nawa aka rage maka.