Fitilar ABS Ta Ƙi Mutuwa Bayan Canjin Boris

Tambaya: Assalamu alaikum. Makon jiya aka canja mini boris na tayar gaba ta hagu, kuma tun daga ranar, da zarar na fara tafiya sai fitilar ABS ta kama, ba ta mutuwa sai na kashe mota. Birki yana ci kamar kullum. Bakaniken ya ce ba komai, har ya ba ni shawarar a cire ƙwan fitilar. Shin in yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda, domin cire ƙwan ɓoye matsalar kawai zai yi. Gaskiya ne birkinka yana ci, amma muddin fitilar nan mai ruwan ɗorawa tana kunne, kwamfutar motar ta dakatar da ABS, wato tsarin da ke saki da kama birki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta ƙame. Ba za ka ji rashinsa ba sai ranar da ka taka birkin gaggawa a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyi suka ƙame, sitiyari ya daina jin magana.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne lokacin da fitilar take kamawa. Kowace taya tana da sensa da ke ƙirga juyinta ta hanyar karanta wani zobe, mai haƙora ko mai maganaɗisu. Idan waya ce ta tsinke, galibi fitilar takan zauna a kunne tun daga tayar da mota. Fitilarka kuwa tana jira sai an motsa, alamar kwamfuta tana ganin sensar, amma tayoyi uku suna ba da rahoton gudu, ɗaya ta yi shiru. A motoci da yawa zoben maganaɗisun yana jikin boris ne, a gefe ɗaya tak, kuma idan aka saka boris ɗin a juye, ko aka sayo irin wanda ba shi da zoben, sensa ba ta da abin karantawa. Nan zargina ya fi karkata, ko da yake bugun guduma lokacin aikin ma yakan lalata zoben ko bakin sensar.

Kafin ka sayi komai, a jona na'urar bincike a soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A tabbata na'urar tana karanta ABS, don ƙananan da yawa injin kaɗai suke gani. Lambobin matsala da na'urar ke nunawa na wannan sashe galibi da harafin C suke farawa. C0035, alal misali, a wasu motoci tana nuni ga sensar tayar gaba ta hagu. Sannan a ɗan yi tafiya ana kallon gudun tayoyin huɗu a na'urar. Raunin batir da ƙonewar fis ma sukan kunna fitilar, sai dai ban sa su gaba a lamarinka ba.

Idan jar fitilar birki ta kama tare da ta ABS, ko feda ta yi laushi tana nutsewa, wannan wani batu ne daban: ka tsaya ka duba man birki, kuma kada ka ci gaba da tuƙi sai an gano matsalar.