Tambayoyinku: Monk a waya, da fayil ɗin da ba fim ba ne

Tambaya daga Zariya: Malam, na ga gutsuren wani fim a Facebook, na mai binciken laifi da ke goge hannu duk sanda ya gaisa da mutum. Me sunansa, kuma data nawa zai ci?

Monk ne. Tashar USA Network ta Amurka ta nuna shi daga 2002 zuwa 2009, zango 8, kashi 125. Tony Shalhoub ya fito a matsayin Adrian Monk, tsohon ɗan sandan San Francisco wanda ciwon waswasi, da likitoci ke kira OCD, ya tsananta masa bayan an kashe matarsa Trudy da bam a mota. Idon nan da ba ya iya barin hoto a karkace a bango, shi ke hango abin da sauran 'yan sanda suka tsallake. Gaba ɗaya ya kusa awa 90, kuma HD a Netflix kan ci har giga 3 a awa. Ka yi lissafin da kanka, sannan ka rage ingancin hoton zuwa 480p.

Tambaya daga Maraɗi: Tun da na fara kallonsa nake goge wayata da sanitaiza. Akwai illa?

Hajiya, ke ma kin kama hanyar Monk ke nan! Tun 2020 kamfanin Apple ya ce a iya goge wayoyinsa da ƙyalle mai sinadarin isopropyl kashi 70 cikin ɗari. Kada ki tsiyaya a kan gilashi, kada ya shiga ramin caji, kuma ban da bilic. Idan kuwa gugar ta kai kina barin aiki saboda ita, hankalinki bai kwanciya sai kin maimaita, likita za ki gani. Ciwon gaske ne, kuma ana samun sauƙinsa da magani.

Tambaya daga Kano: An turo mini Monk cikakke a Telegram. Na danna, sai ya ce in ba shi izinin saƙonni kafin ya buɗe. Na ba shi, har yanzu ba fim.

Inna lillahi! Ɗan'uwa, fim ba ya neman izini. Bidiyo sunansa na ƙarewa da .mp4 ko .mkv, wanda ka danna kuwa .apk ne, wato manhaja ka girka da hannunka. Kuma ta yaya awa 90 za ta shiga fayil ɗin da ya sauka cikin ƙiftawar ido? Izinin saƙonni na nufin lambar sirrin da banki ke turo maka, wani zai iya karanta ta kafin kai. In ka haɗa masa da izinin Accessibility, yana ganin duk abin da ke fuskar wayar, yana ma iya danna maɓalli a madadinka. Abin da ke ƙona mini rai, Android ta gargaɗe ka, Play Protect, mai gadin manhajoji na Google, ma wataƙila ya yi magana, ka danna "ci gaba" ko karantawa ba ka yi ba, don ɗokin fim ɗin da ya ƙare tun 2009.

Yanzu kashe data. Shiga jerin manhajoji, ka duba har waɗanda ba su da hoto ko suna, ka cire duk wadda ba ka sani ba. In ta ƙi fita, janye mata ikon Device admin, wato ikon sarrafa waya da ke cikin saitin tsaro, tukuna. Ka canza kalmar sirrin banki da ta imel daga wata wayar daban, ka kira bankinka yau ɗin nan. Ni a irin wannan hali goge komai nake yi waya ta koma sabuwa fil, bayan na kwashe hotuna. Nan gaba ka rubuta sunan fim a shafin JustWatch, ka ga inda ake nuna shi ta halal.

Tambaya daga Kumasi: Rubutun fassara yana riga maganar Kyaftin Stottlemeyer na cikin Monk fitowa.

A buɗe shi da VLC, manhajar kallon bidiyo. A kwamfutar Windows danna G ko H har su daidaita. A waya yana cikin saitin rubutun, wajen jinkiri.