Amsa: Tsohon tabarau marar firam, a gyara ko a ajiye?

Ɗan'uwa, ka ce ka tarar da tabarau marar firam a akwatin marigayi kakanka a Daura, gilashin ɗaya ya tsage, kana tambaya ko zai gyaru. Zai gyaru, amma sai an canja gilashin duka biyu, ba a liƙe tsagewar. Irin wannan ƙira ta yaɗu a Turai da Amurka tun daga shekarun 1880, kuma ƙarfe uku ne kawai a jikinsa: wanda ke hawa kan hanci da hannaye biyu masu zuwa kunne. Gilashin ake hudawa a ɗaure su da ƙananan sukuru, don haka shi ke ɗauke da nauyin komai. Duba da kyau, za ka ga daga bakin huda tsagewar ta taso.

Sharaɗina ɗaya: kada ka miƙa wa mai gyaran bakin titi. Nemi shagon masu gwajin ido a Katsina da ke da injin huda, ka ce a sa maka gilashin roba mai ƙarfi, polycarbonate, domin na ƙwalba yana fashewa da zarar an matse sukuru fiye da ƙima. Na ga wanda aka ɗaure da ƙarfin tsiya, kafin mai shi ya isa gida ya sake tsagewa. Kuma leƙa cikin ƙarfen hancin. In ka ga an buga 1/10 12K GF, to zinariya ce aka lulluɓa a kan wani ƙarfe, kada ka bari a goge shi da yashi ko toka, tsumma mai laushi ya isa.