Idan gilashin ƙofa ya wuce iyakarsa

Ka tambaye ni, ɗana: "Maigida, motar nan mai ƙofa biyu, in na ja makunni sai gilashin direba ya hau ya wuce inda ya saba tsayawa, ya haye robar rufi, ƙofa ba ta rufuwa sai an buga ta. In canza injin gilashin ne?"

Kada ka taɓa injin tukuna, kuma tun yanzu ka daina buga ƙofar nan. Gilashin gefe yana da ƙarfi a tsakiya, amma bakinsa ba ya jure duka. Ranar da ya daki ƙarfen rufi zai tarwatse ya zama tsakuwa, kai kuma za ka tsaya gaban mai mota kana neman abin faɗa.

Injin da ya iya kai gilashi har ya wuce wuri, ai lafiyarsa ƙalau. Shi juyawa kawai ya sani. Wani abu ne daban ke tsayar da shi, kuma shi za ka nema. A ƙofa mai firam, firam ɗin na sama da robarsa su ke tare gilashi. Taka ba ta da firam, don haka matarin yana cikin ƙofa: ƴan ƙarafa ne ko robobi da ake ɗaurewa da noti, mariƙin gilashi ya hau ya dafe su ya tsaya. Ga kuma ƙwaƙwalwa, wato ƴar kwamfutar da ke ba injin umarni. A motocin da gilashi ke hawa da kansa in ka ja makunni sau ɗaya, akwai maganaɗisu a jikin sandar injin, da sensa da ke ƙirga juyinsa. Da wannan ƙirga ƙwaƙwalwar ke sanin ina ne sama, ina ne ƙasa.

To, fara da abin da ba ya cin kuɗin kowa. Tambayi mai motar ko an cire batir kwanan nan, ko ya mutu an ja masa wuta. In haka ne, ƙila ƙirgar ce ta ɓace. Shiga ciki, rufe ƙofa, buɗe wuta, sauke gilashi har ƙasa, ka ɗaga shi har sama, ka ci gaba da riƙe makunnin na ƴan daƙiƙoƙi bayan ya tsaya. Haka ake sake koya wa ƙwaƙwalwa ƙirgarta. Amma kowane kamfani da tsarinsa, saboda haka ka duba littafin motar.

Sannan ka tsaya a waje ka ja hannun ƙofa, idonka a bakin gilashi. Ya kamata ya ɗan sauka, kamar faɗin yatsa ko ƙasa da haka, in ka rufe ya koma ya shige cikin roba. In bai motsa ba, to ba wuce iyaka ya yi ba, ƙin sauka ya yi. A nan laifin ɗan makunnin da ke cikin makullin ƙofa ne, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an buɗe, ko kuma waya ta karye a cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Wannan wurin ne ke ruɗa yara da yawa, har da wasu manya.

In duk wannan lafiya, sai ka cire murfin cikin ƙofa. Duba ko akwai jakar iska a ciki, wato jakar nan da ke kumbura ta kare mutum in an yi hatsari. In akwai, cire batir ka ɗan jira kafin ka taɓa kowace waya. Haska tocila a gindin ƙofa, wurin da ƙura ke taruwa. In ka ga gutsuren roba mai tauri ko noti a kwance, ka sami amsarka: matari ya karye ko ya kwance. Ka lura, in matari ya tafi, ko sau goma ka koya wa ƙwaƙwalwa, wurin da ba daidai ba za ta riƙe, domin inda gilashi ya toge nan take ɗauka a matsayin sama. In matarin yana nan, duba mariƙin. Gilashin da ya zame yakan bar shaida: za ka ga wani ɗan fili mai tsabta a jikinsa, inda mariƙi yake zaune a da, kewaye da datti. Nisan da ke tsakanin wannan fili da inda mariƙin yake yanzu, shi ne abin da gilashi ya ƙara.

Kafin ka sassauta kowane noti, zagaye shi da alƙalamin maka don ka san inda ka taso. Matsa milimita 1 ko 2 kawai, ɗaure, gwada. Kada ka ɗaure mariƙi kamar notin taya, gilashi kake matsewa. In ƙarfen ɗagawar irin mai kama da almakashi ne, akwai sifirin mai ƙarfi a jikinsa. Kada ka raba shi da injin sai ka kulle hannayensa, don yana iya datse yatsa. Ba na son in ga hannunka a ramin ƙofa alhali makullin mota yana jiki.

In ka gama, saka takarda tsakanin gilashi da roba ka rufe ƙofa, ka ja. Ta riƙe a gaba, tsakiya da baya daidai wa daida. Sake koya wa ƙwaƙwalwa, tunda ka taɓa batir. Daga nan ka naɗe tawul ka sa a bakin gilashi, ka ja makunni ya hau da kansa. Da ya taɓa tawul ɗin dole ya koma baya. Ƙa'ida ita ce kada matsinsa ya wuce niyuton 100, wato kusan nauyin kilo 10. In bai koma ba, motar ba za ta fita daga hannunmu ba, don wata rana wuyan yaro ne zai kasance a wurin tawul ɗin nan. Ka kira ni in gani da idona kafin ka mayar da murfin.