Tambaya da Amsa: Yahaya Maibaftisma Shi Ne Iliya?

Tambaya: Malam, a nazarin Littafi Mai Tsarki na zumuntar mata mun ci karo da abin da ya ɗaure mana kai. A Matiyu 11:14 Yesu ya ce Yahaya Maibaftisma shi ne Iliya mai zuwa, amma a Yohanna 1:21, da aka tambayi Yahaya ko shi ne Iliya, sai ya ce a'a. Wanne za mu riƙe? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, ku riƙe duka biyun, domin ba abu ɗaya ake magana a kai ba. Firistoci da Lawiyawan da aka aiko daga Urushalima su tambayi Yahaya suna neman Iliya ne da kansa, annabin da 2 Sarakuna 2:11 ta ce an ɗauke shi zuwa sama cikin guguwa, wanda kuma Malakai 4:5 ya yi alkawarin za a aiko kafin ranar Ubangiji. Har yau Yahudawa sukan ajiye masa ƙoƙon ruwan inabi a Idin Ƙetarewa. Shi kuwa Yahaya ɗan Zakariya ne da Alisabatu, wanda ya girme Yesu da kamar wata 6, saboda haka gaskiya ya faɗa. Yesu kuma aikin yake nufi, kamar yadda mala'ika Jibra'ilu ya shaida wa Zakariya a Luka 1:17 cewa yaron zai sha gaban Ubangiji da ruhu da iko irin na Iliya.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya san zagi, mai tafiya a ƙasa gaban dokin sarki yana buɗe hanya. Ba shi jama'a suka fito gani ba, amma da zarar an hango shi an san sarki ya kusa. A ganina abin da ya sa Yahaya bai karɓi wani babban suna ba ke nan, sai ya kira kansa muryar mai kira a jeji, wadda Ishaya 40:3 ya ambata.

Kamanninsu ma ba a ɓoye suke ba. Iliya yakan yi ɗamara da fata, haka ma Yahaya, wanda rigarsa ta gashin raƙumi ce, abincinsa kuma zumar jeji da fara, irin wadda mu ma muke soyawa mu barbaɗa mata yaji. Iliya ya tsawata wa Sarki Ahab, Yezebel matar sarkin kuma ta nemi ran Iliya, Yahaya kuma ya tsawata wa Hirudus Antibas kan auren Hirudiya, matar ɗan'uwansa. Iliya ya tsira, Yahaya kuwa an fille masa kai a kurkuku, a Makairus da ke gabashin Tekun Gishiri bisa ga Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa. Kisan nan ne Yesu yake nufi a Matiyu 17:12, inda ya ce Iliya ya riga ya zo, ba su gane shi ba, suka yi masa abin da suka ga dama.